Zuwa ga Taubashina, Sarkin Tsoron Sanyi na Tunuga

Girenobul, Faransa

Taubashi, ya aikin shinkafa? Ka gaishe mini da Inna da Kawu da yaran gida baki ɗaya.

Labarinka ya iso mini. Hoton da na aiko wa Inna ta WhatsApp ka ɗauke shi ka zagaya majalisa da shi, kana cewa ɗan'uwanku ya je Faransa ya samu aikin haƙar kabari, ga shebur a bayansa, an kuma ɗaure masa katako a ƙafa don kada ya gudu. Inna ta kira ni hankalinta a tashe. To, gyara zama in yi maka bayani, sannan ka tashi da ƙafarka ka je ka warware abin da ka ƙulla.

Aikina yana nan inda ka sani, a shagon gyaran kayan wasanni. Katakon da ka gani sunansa iski, da shi ake sulɓi a kan dusar ƙanƙara. Garin nan duwatsu uku suka sa shi tsakiya, Belledonne da Chartreuse da Vercors, kuma nan aka yi wasannin Olamfik na lokacin sanyi a 1968, saboda haka yaro da tsoho kowa ya iya. Yawancin mutane suna zuwa inda aka share hanya, inji ya ɗaga su sama su gangaro. Mu da abokan aikina ba can muke zuwa ba. Namu shi ake kira iski na rando: ba inji, ba sharar hanya, ba mai gadi. Ƙafarka ce za ta kai ka. Mukan ajiye mota a Col de Porte, mita 1,326, mu hau dutsen Chamechaude mai mita 2,082, mu huta, mu sauko.

Na san abin da za ka tambaya: ta yaya mutum zai hau tudu da abu mai santsi a ƙafa? Akuya ce ke kai mu. Ana manna wa ƙasan katakon wani dogon ƙyalle mai gam, wanda aka saƙa da gashin akuyar Angora, wani lokaci a haɗa da zaren roba. A da fatar wata dabbar teku ake sawa, shi ya sa har yau Faransawa fata suke ce masa. Ka kama akuyar Inna ka shafa bayanta daga wuya zuwa wutsiya, hannunka zai wuce sumul. Ka dawo da shi baya, gashin zai tashi ya tare ka. Haka ƙyallen yake, yana barin ka ka yi gaba, ba ya barin ka ka zame baya. Wurin hawa diddigen takalmi a sake yake, kan yatsu kawai ke maƙale. In an kai sama sai a ɓare fatar, a naɗe ta a sa cikin riga don kada gam ya daskare, a kulle diddige, a ɗaure hular kwano, a ce bismillah.

Sai tufafi, nan ne zan ba ka haushi. Shaddar nan taka da kake tinƙaho da ita ranar kasuwar Kamba ba ta da amfanin komai a kan dutse. Auduga tana shan zufa ta riƙe, kuma mai hawan tudu yana zufa ko da sanyi ya wuce sifili. Da ka tsaya iska ta buge ka, jiƙaƙƙiyar rigar za ta zuƙe maka ɗumin jiki. Don haka riga uku ake jerawa. Ta jikin fata ta gashin tumaki ce ko ta roba mai saurin bushewa, ta tsakiya mai riƙe ɗumi, ta waje mai tare iska da ruwa amma tana barin tururin jiki ya fita. Akwai ta huɗu mai gashin tsuntsu, tana cikin jaka sai an tsaya. Safar hannu biyu, siririya ta hawa da mai kauri ta sauka. Kuma da ɗan sanyi-sanyi a jiki ake fara tafiya, don wanda ya tashi a ƙudundune kafin ya yi nisa ya jiƙe sharkaf. Kai da nake tunawa lokacin hunturu, ka lulluɓe da bargo biyu ka rungume murhun Inna har rana ta take, a nan sai dai a nannaɗe ka a katifa a mirgina ka. Duk mita 1,000 da ka hau, sanyi yana ƙaruwa da wajen digiri 6.

Baƙin tabarau da ka ce na sa don yanga, magani ne. Sabuwar ƙanƙara tana mayar da hasken rana cikin ido har ta ƙone shi, mutum ya kwana yana hawaye ba ya iya buɗewa. Man kare fata ma ina shafawa, baƙar fata ba ta hana leɓe tsagewa. A jaka kuma akwai fulas na shayi da dabino. Abokaina sun ɗanɗana dabinon, yanzu kowa sai ya tambaya ko na zo da shi.

Yanzu maganar shebur, kuma a nan ka ajiye dariya. Ƙanƙara hawa-hawa take kwanciya, ta yau a kan ta makon jiya. Wani lokaci ta sama ta yi tauri, ta ƙasa kuwa ta zama gari mara riƙo. Ka san gaɓar kogi da ruwa ya ci ƙarƙashinta, sama lafiya lau, kana takawa ta rufta da kai. To haka gefen dutse guda yake ɓallewa ya gangaro, ya binne duk wanda ya samu. Ya fi faruwa inda gangaren ya kai digiri 30 ko ya wuce, kuma mafi yawan waɗanda abin ya ci, su ko abokan tafiyarsu ne suka taka ta ɓalle. Ranar 10 ga Fabrairu 1970 a Val d'Isère ƙanƙara ta faɗa wa wani masaukin matasa ta kashe mutum 39. Bayan haka ne a 1971 aka kafa ƙungiyar ANENA a nan Girenobul don nazarin ƙanƙara da koyar da mutane.

Wanda aka tono cikin minti 15, tara cikin goma ana samun su da rai. In an kai minti 35, da ƙyar ɗaya cikin uku. Akwai jandarmomin dutse masu jirgi mai saukar ungulu, ana kiran 112 su taso, amma kafin su iso lokacin nan ya kusa ƙarewa. Abokinka na kusa shi ne zai cece ka. Shi ya sa kowa ke ɗauke da abu uku. Na farko wata ƴar na'ura ce, DVA, girmanta bai wuce tafin hannu ba, ana ɗaure ta a ƙirji ƙarƙashin riga, tana aika sigina ba tsayawa. In an binne mutum, sauran su juya tasu zuwa nema, ta riƙa ƙara tana nuna mita nawa ya rage. Salula ma nesa da ita ake ajiyewa don tana rikita ta. Na biyu sanda ce mai naɗewa, ta fi mita 2, ana caka ta har a ji jiki. Na uku shebur na ƙarfe, domin ƙanƙarar da ta zube tana daskarewa, hannu ba ya tone ta. Sheburin da ke bayana ba zai taɓa tono ni ba, taubashi. Na abokina ne zai tono ni, nawa kuma don shi nake ɗauka. Na'urar kaɗai wajen Yuro 300 ce, kusan jikka 200, kuma ban ji zafin biya ba.

Kafin mu bar wurin mota, mutum ɗaya yana tsayawa da tasa, kowa ya wuce ta gabansa a ji ƙara. Wanda batirinsa ya yi sanyi ya koma gida, ko shi ne mai motar. Mukan binne jaka mu yi gwajin nema ana duba agogo. Kai kam ba zan saka ka a ayarina ba. Mutumin da ke cinye minti 15 yana neman takalminsa a ƙofar masallaci, wa zai ba shi amanar ransa?

Kowace yamma hukumar yanayi, Météo-France, tana fitar da sanarwar haɗari daga 1 zuwa 5. A 4 da 5 muna gida muna shan shayi. Lamba 3 ce mai yaudara, rana ta fito, dutse ya yi kyau, kuma a nan aka fi mutuwa. Wurin da ake shakka, ɗaya bayan ɗaya ake ƙetarewa, sauran su zuba masa ido. Na ga dattijon da ya fi shekara 40 yana hawa, saura kaɗan mu kai ƙololuwa ya caka sanda, ya ce mu juya. Ba wanda ya yi musu, kuma mutumin ya ƙara girma a idona.

Ga abin da ke damuna. Tun da aka rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023 mutane suka koma kwale-kwale, kuma an gaya mini kai ma kana bi, a loda buhuna da babura da mata masu goyo har ruwa ya kusa bakin jirgi, ba mai rigar ruwa ko ɗaya. Cikin kuɗin da na aiko ta hannun Kawu na ware na rigunan ruwa huɗu, ɗaya taka, ɗaya ta matarka, biyu ƙanana na yara. Ka sa a nemo masu kyau ko daga Yamai ne. In ka ga jirgi ya cika, ka jira na baya, kasuwa ba ta guduwa. Ina jiran hotonka sanye da ita an ɗaure igiyoyin duka, ni ma ina da majalisar da zan zagaya da shi a nan.

In mai zuwa ya samu, ka aiko mini da busasshen kifi da yaji. Kuɗin shara na bara kuma har yanzu ban gani ba, na rubuta, da na bana zan haɗa.

Naka,
Taubashinka