Baturen Babura Ya Tsaya Cin Goro

Taubashi, ina gajiyar biki? Na san ka isa Babura lafiya, don har labari ya dawo mana cewa tun daga tasha ka fara shelar wai ka je Dantchiao ka koya wa 'yan Faranshi Turanci. To, tunda ka haɗiye ƙarshen labarin, bari in amayar maka da shi a bainar jama'a.

Kai dai ba ka shigo garinmu sai ka tanka yadda ake rubuta sunansa, wai don me za a tara t da c da h a kan aikin da c ɗaya ke yi. Nan kam na ba ka gaskiya, aikin Faransawa ne. Amma daga nan sai ka hau bugun ƙirji, wai ku Ingila ta raina, a nono kuka sha Turanci. Sai ka ce ba tsohuwa ɗaya ce ta goya uwata da ubanka ba, sai ka ce ba Turawan nan biyu ne suka bi daji tsakanin 1906 da 1908 suna kafa alamun iyaka, suka bar rabin dangi can rabi nan ba.

Ranar ɗaurin aure da la'asar muna zaune a inuwar dogon yaro, ɗiyata mai shirin jarrabawar birbe ta fito da kayenta. Mushensu na Ingilishi ya ba su jimla goma su cike gurbi: ko su sa wa aikatau to a gaba, ko su liƙa masa wutsiyar ing. Ka fizge bik daga hannun yarinya, ka gyara zaman tabarau, ka cike goman nan kafin shayin farko ya nuna. Ran Litinin kaye ya dawo jajir. Takwas bisa ashirin, Bature!

Jimlar farko cewa take likita ya ja wa wani mutum kunne, shi ya sa he stopped, sai gurbi. Kai ka cusa to smoke. Wato mutumin naka yana fitowa daga wurin likita sai ya ja birki ya kunna taba. Wanda ya daina, stopped smoking ya yi. Mu da Hausa aikatau muke canjawa, mu ce wane ya daina cin goro, wane kuwa ya tsaya cin goro. Bature ya bar aikataunsa ɗaya, wutsiya kawai yake musanyawa.

Ban kawo zancen goro a banza ba. Ka tuna da daddare da aka miƙo maka na biki, ka ɗaga hannu ka ce, don mutane su ji, I have stopped to chew kola? Mun yi maka barka. Washegari da hantsi ga ka durƙushe gaban faifan mai goro kana zaɓen fari, kunci ya yi tulu. Ashe ba ƙarya ka yi ba. Turancinka ya fi ka gaskiya.

Sai batun jika biyar ɗin nan da suka rage na kuɗin akuya tun bara. Na tuna maka ta WhatsApp, ka amsa da I will remember paying you. Yarinya ce ta fassara mini tana rufe baki da gyale. Remember to pay shi ne ka tuna ka biya, abin yana gaba. Remember paying kuwa tunawa ce da biyan da aka riga aka yi. Ke nan alkawarin da ka ɗauka shi ne nan gaba za ka tuna ka taɓa biyana. Ban san ko jahilci ne ko wayo ba, amma da yake na san gidanku, na fi zaton na biyun. Ƙarshen saƙon ma I look forward to see you ne, alhali seeing ake cewa, sai dai wannan na yafe, rabin wasiƙun neman aiki da shi suke ƙarewa.

Abin da ya fi ba ni dariya, wannan da ya ɗaure maka kai yana bakinka tun kana goye. Kana cewa ina son tafiya, kana cewa ina so in tafi. Ka taɓa jin Bahaushe ya ce na daina in zo, ko na dinga in ci? Daina da dinga da riƙa da fasa sunan aiki suke ja, zuwa, ci, biya. Gara kuwa sai dai gara ka zo, gara ka biya. Ba wanda ya zaunar da kai ya ba ka dalili, kunne ne ya saba. Haka Turanci yake. Enjoy da finish da avoid ba sa tafiya sai da wutsiya. Want da decide da refuse da promise sai da to. Begin da start duk wanda ka ba su karɓa suke. Bayan without ko before ko of kuwa, wutsiya ce ba shawara.

Yaranmu idan sun rubuta without to eat suna da uzuri, don Faransanci ne ke jan hannunsu, shi da yake cewa sans manger, ya bar aikatau tsirara. Kuma sai sun shiga kwalej suke fara Ingilishi. Yanzu ma sun ɗaura ɗamara, tunda kundin da aka ƙaddamar a Yamai a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Kai fa, da ake ɗura maka shi tun firamare, mene ne naka uzurin?

Na tambayi yarinya me ya hana ta gyarawa. Ta ce tun kana rubutawa ta ga kurakuran, kunyar Baba ce ta hana ta. Ka ji tarbiyyar Damagaram.

Watan cika-ciki dai na tafe. Ka haɗo kuɗin shara da jika biyar ɗina, kuma sefa nake so, kada ka kwaso mini naira. Ka zo da kaye da bik naka na kanka. Yarinya ta ce tana da sarari ran Lahadi bayan la'asar, kuma ba za ta gaya wa kowa a Babura ba.