Ɗan Yaye da Gwajin Ƙwaƙwalwa? Zauna Mu Yi Ta!

Na ga ka taɓe baki, Malam. Ka ce, "Yaron da bai san farashin kwanon masara ba, me zai dame shi har a duba lafiyar ƙwaƙwalwarsa?" Sannu da hikima! Ashe damuwa sai mai biyan kuɗin haya. To Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce rabin larurorin ƙwaƙwalwa kafin shekara 14 suke somawa. Tun kana aikensa sayo ashana abin ke tsiro, kai kuwa sai ya yi gemu za ka riƙe haɓa kana tambayar yaushe ya koma haka.

Ka ce, "Ni dai ɗana ba mahaukaci ba ne." Wa ya ambaci hauka in ba kai ba? Tantancewar nan tambayoyi ce zalla, ba allura, ba na'ura a ka. Akwai takardar da ake kira M-CHAT-R, tambaya 20, ta yara 'yan wata 16 zuwa 30, uwa ke amsawa da i ko a'a. In kin kira sunansa yana waiwayowa? In ya hango abin sha'awa yana nuna miki da yatsa? Yana kara wani abu a kunne wai shi waya yake yi? Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a yi irin wannan a wata 18 da wata 24, don gano galahanga da wuri. Akwai kuma SDQ mai tambaya 25, wadda likita Robert Goodman ya fitar a Ingila a 1997, tana bin diddigin fushi, tsoro, rawar kai da zama da abokai.

"Ai ka ji! Abin Turawa ne." Iko sai Allah! Katin awo fa, a kasuwar Kurmi aka ƙirƙiro shi? Ka yarda a ɗora ɗanka a sikeli yana tsala ihu, a zagaya damtsensa da ɗan tef, a rubuta kilo kaza, har kana washe baki. Amma a tambayi ko yana kallon idon uwarsa, nan ne Bature ya shigo maka gida?

Ka ce, "Nauyin baki ne, gado ne, kawunsa ma sai da ya shekara huɗu ya yi magana." Allah ya ja kwanan Kawu, mai yiwuwa hakan ne. Mai yiwuwa kuma kunnen yaron ne ba ya ji sosai, kai kana ta zuba masa ranƙwashi wai taurin kai. Ga kuma yarinyar da aka gudo da ita daga ƙauye cikin dare ana harbe-harbe. Ta daina fitsarin kwance tuntuni, yanzu ya dawo. A buga ƙofa ta zabura ta shige bayan uwarta. Ka ce shafar aljanu. Yi addu'arka, ba mai riƙe maka baki wajen tofi. Amma aljanun da suka iso rana ɗaya da 'yan bindiga, ba su cancanci a ɗan yi musu tambaya ba?

Ka ce, "Takarda ai tana kuskure." Yauwa, yau ka faɗi ta hankali! Tana yi. Yara da yawa da takardar ta ɗaga wa tuta lafiyarsu lau, shi ya sa ake sake zama da uwa a tsefe amsoshin kafin a tura wa ƙwararre. Su kansu Amurkawan, kwamitinsu na rigakafi a 2022 daga shekara 8 ya ce a fara tantance ciwon fargaba. Ƙasa da haka ya ce hujja ba ta isa ba tukuna. Kuma gaskiya asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa da Kware da Dawanau sun yi wa ɗan ƙauye nisa, ƙwararru sun yi kaɗan. Sai dai kada ka ɗauka ƙwaya za a ɗirka wa ɗan yaye. Yawanci koya masa magana ne, da duba kunne, da koya wa iyaye dabarun tafiyar da shi. I, kai ma za ka koma aji.

Ka ce sai ka yi shawara da maiɗakinka? Hanzarta. Ita tun bara ta lura, tsoron bakinka ne ya hana ta faɗa.