Shara a Rumbun Kawu

Tun da na gyara wa Kawu wayarsa sau ɗaya ya laƙaba mini suna Injiniya, ni kuma ban musa ba. Don haka da ya so shagonsa na Kantin Kwari ya hau intanet, babu wanda aka kira sai ni.

Manhajoji uku na haɗa masa a kan saba guda: ɗaya tana karɓar odar atamfa da shadda, ɗaya tana lissafin kayan da suka rage a sito, ta ukun tana tura wa masu saye saƙon tes. Rumbun bayanai kuwa SQLite na zaɓa, wanda Richard Hipp ya ƙirƙira a 2000. Duk abin fayil ɗaya ne tal, ba kuɗi, ba wahalar girkawa. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama.

Abin da ban karanta ba shi ne, wannan fayil tamkar banɗaki guda ne a gidan haya: mai rubutu ɗaya ke shiga, ya sa sakata. Kasuwa na buɗewa sai manhajojina suka taru a ƙofa, allo ya cika da "database is locked". Akwai saitin busy_timeout da ke sa mai zuwa ya ɗan jira, ko na daƙiƙa biyar ne. Ni da na ga maganar kulle, sai na ɗauka izini ne ya yi kaɗan, na buga chmod 777, wato na buɗe fayil ɗin ga kowa da kowa. Kullen bai ko motsa ba.

Daga baya na gano WAL, tsarin da ya zo a 2010, inda mai karatu ba ya tare mai rubutu. Na kunna, komai ya lafa, na fara tafiya ina buɗe kafaɗa.

To, ni mutum ne mai son tsabta, a kwamfuta dai. Ɗakina wani zance ne. Wani dare na kashe manhajojin da ƙarfi don in yi sabuntawa, sai na hangi baƙin fayiloli biyu kusa da rumbun, ɗaya ya ƙare da -wal, ɗaya da -shm. Ban haife su ba, ban san uwarsu ba. Na share su, na kwanta da farin ciki. Ashe sabon ciniki a cikin -wal yake fara sauka, sai ya kai wajen shafi 1000, ko manhaja ta ƙarshe ta rufe lafiya, sannan a kwashe shi zuwa babban fayil. Cinikin jajibirin Sallah ne na share da yatsa ɗaya.

Da sassafe waya ta yi ƙara.

"Injiniya, Hajiya ta biya turmi goma sha biyu, na'urarka ta ce ba ta san ta ba."

"Kawu, wataƙila matsalar netwok ce."

"Allah ya shirya netwok ɗin. Taho shago yanzu."

Yaron shagon, wanda na daɗe ina yi wa dariya saboda yana rubuta kowace oda a tsohon littafin makaranta, shi ya zauna yana karanto mini ina shigarwa, har la'asar. Duk layin da ya karanta sai ya tambaye ni ko ya rage sauri.