Ɗa Na Kowa Ne, Kuɗin Magani Na Mai Shi

A Maradi akwai wata sana'a da ba ta buƙatar jari, ba a biyan haraji a kanta, ba a kuma zaman koyonta wurin kowa: gyara wa mutane renon 'ya'yansu. Duk wanda ya taɓa fita da ƙaramin yaro zuwa babbar kasuwa ranar Litinin ko Juma'a ya san masu ita. Kafin uwa ta kai bakin titi an gaya mata goyon ya yi ƙasa. Kafin ta tsayar da kabu-kabu wani ya ce ya yi sama da yawa, za ta karya masa wuya. In ta sa masa hula, za ta dafa masa kai da wannan rana. In ta cire, iska za ta shige shi ta maɗiga. Mai tumatir likitan yara ne, mai faci malamin tarbiyya, shi kuwa ɗan kabu-kabun da bai ajiye ko mata ba ya san ranar da ta dace a yaye yaron. Ni ina cikin waɗanda wannan sana'a take ci da su, wato iyaye, kuma matsayina a kanta bai da tsawo. Ban ƙi a tsawata wa ɗana ba in ya yi ba daidai ba. Abin da na ƙi shi ne a warware mini hukunci a gabansa, balle daga bakin wanda ba zai kwana da abin da ya biyo baya ba.

A duba yadda abin yake faruwa. Yaro ɗan shekara huɗu ya hango alewa a teburin mai shago, ya ce sai ita. Uban ya ce a'a, domin ya sha ɗaya da safe, haƙoransa kuma sun fara baƙi. Yaro ya zube ƙasa, ya shiga birgima da shure-shure. Kada a ɗauke shi wawa: kukan da ido ɗaya a buɗe yake yin sa, yana duban wanda zai tsaya masa lauya. Lauya kuwa ba ya ƙarewa a garin nan. Ga wata dattijuwa da kwandon cefane ta ja birki. "Haba ɗana, don dala biyar za ka bar yaro yana cin ƙasa? Kai ba a yi maka haka ba? Taso maigidana, rabu da shi, marowaci ne." Ta kwance bakin zane, ta miƙa wa mai shago dala biyar, ta danƙa wa yaro alewa, ta wuce tana jin ta yi aikin lada. Wataƙila ma ta samu ladan, wannan tsakaninta ne da Mahaliccinta. Amma darasin da yaron ya ɗauka ya fi dala biyar nesa ba kusa ba. Ya gane cewa "a'a" ta babansa hukuncin ƙaramar kotu ne, ana iya ɗaukaka ƙara, kuma babbar kotun tana zama duk inda jama'a suka taru. Gobe birgimar za ta fi ta yau tsawo, kuma sai ya zaɓi wurin da ya fi cika kafin ya faɗi. Dattijuwar ba za ta gani ba, tana can unguwar Zariya ko Bagalam tana tuƙa tuwonta.

Na san amsar da za a ba ni, domin ita ce amsar da ake bai wa kowa: ɗa na kowa ne. Na yarda, kuma ba yardar baki ba. Haka aka rene mu, haka aka reni waɗanda suka rene mu, tun tsohuwar Maradi tana cikin fadama, kafin ambaliyar gulbi ta 1945 ta sa a tayar da garin zuwa tudu. Sai dai masu jawo karin maganar nan ba su haɗa ta da 'yar uwarta, wato nagari na kowa, mugu sai mai shi. Sannan suna mantawa da cewa a tsarin da ya haifi maganar, bakin da yake tsawatarwa yana tare da hannun da yake ɗaukar nauyi. Uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta ko kama sunansa, saboda haka dole wasu su tsaya masa. Ranar yaye gidan kaka ake kai yaro, ita za ta sha kukan dare, ita za ta dama kunu da asuba. Gwaggo tana ɗaukar ɗan ƙaninta riƙo, ta ciyar da shi, ta tufatar da shi, ta aurar da shi. Kakar da ta shagwaɓa jika, ta kira shi mijinta, ta ɓoye shi bayan zane ranar da ya yi laifi, ta sayi wannan izini da goyo da wankin kashi. Maƙwabcin da ya ja kunnen yaro a waje ya san ubansa, kuma in yaron ya kwanta rashin lafiya yana cikin masu zuwa dubiya da ɗan abin da ya sawwaƙa. Wannan izinin ne baƙon kan hanya yake ara, alhali bai biya ko dala a cikin kuɗinsa ba.

Ba mutane ne suka lalace ba, gari ne ya girma. Maradin da gyaɗa da fataucin alhazai suka cika da baƙi ta haura mutum 267,000 a ƙidayar 2012, ban da masu shigowa da safe daga Ɗan Isa da Madarunfa su koma da yamma. A irin wannan gari mai ba ka shawara ba ka taɓa ganinsa ba, ba kuwa za ka ƙara ganinsa ba. A Tibirin Gobir abin da ɗan sauƙi. Can in tsohuwa ta tsoma baki, akwai yiwuwar ta san gidan da aka yi wa kakan yaron tsage, kai ma ka san nata 'ya'yan, kana iya auna shawarar da irin abin da ta shuka a gida. A Jiratawa kuwa, inda zogale yake shan ruwan rani, wadda ta ce wa mai jego ta riƙa cin zogale tana iya aiko mata da ɗauri guda kafin magariba. A birni shawarar ce take zuwa tsirara, zogalen sai ki saya.

Da abin ya tsaya ga alewa da hula, da sai a yi dariya a wuce. Bai tsaya nan ba. A je layin awon jarirai a kowane gidan likita cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Maradi yake haura digiri 40. Ga yarinya mai haihuwar fari zaune a benci, jaririnta ɗan wata biyu yana tsala kuka. Ba a daɗe da gaya mata a ciki ba cewa nono zalla za ta ba shi har wata shida, ko ruwa kada ta ɗiga masa. Kusa da ita wata Hajiya ta huda ledar ruwa da haƙori, ta matso. "Ɗiyata, ba ki tsoron Allah? Ke kin sha, shi kin bar shi? Buɗe mashi baki." Sauran matan benci suka ɗauka da "wallahi kuwa", yarinya ta sunkuyar da kai, ga kunya, ga tsoron a ce ba ta da imani. Alhali gaskiya tana wurinta. Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da shawarar wata shida, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: kusan kashi 88 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, cikin jariri ƙanƙane ne, ruwan da ya shiga ya tare wurin nono, in kuma ba shi da tsabta ya zo da gudawa. Duk da haka binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna kashi 23 cikin 100 ne kawai na jariran Nijar 'yan ƙasa da wata shida suke samun nono zalla. Ban ce Hajiyar benci ce ta jawo wannan ita kaɗai ba, amma ma'aikaciyar lafiya minti biyar take samu da uwa, jama'ar gari kuwa suna da ita yini guda.

Za a ce ai da ruwan da bauri da cire beli aka rene mu, ga mu nan garau. Mu da muke faɗin haka mu ne waɗanda suka tsira, sauran ba a jin ta bakinsu. Binciken 1992 ya nuna yara 318 cikin kowane 1,000 a Nijar ba su kai shekara biyar. Zuwa 2012 adadin ya sauko 127. Rigakafi da gidan sauro da kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, da aka soma a 2006, suna cikin abin da ya kawo wannan sauƙi. Jihar nan kuwa ta san tamowa ido da ido: a 2005 ƙungiyar likitocin MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 a ƙasar, akasarinsu a yankin Maradi. Garin da ya ga haka bai kamata ya riƙa ɗaukar maganar cikin jariri a matsayin hirar benci ba. Tsufa yana kawo sani, ban musa ba, amma ba ya mayar da ruwan leda nono.

Akwai ƙorafin da ya fi wannan ƙarfi, kuma ba zan kauce masa ba. Wani lokaci baƙon ne yake da gaskiya. Wanda ya yi ihu don ya ga ƙafar yaro tana lilo kusa da tayar babur, ko bakin zanen goyo yana shirin shiga sarƙa, ya ceci rai, ba shisshigi ya yi ba. Wanda ya riƙe hannun uban da fushi ya rufe wa ido yana jibgar yaro da wayar wuta, Allah ya saka masa. Wadda ta lura ƙafafun yaro sun kumbura, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ta raɗa wa uwar ta kai shi likita yau ba gobe ba, ta fi dangi da yawa. Duk waɗannan haɗari suka gani, haɗari kuwa ba ya jiran a gaisa. Ita ta ukun ma a kula da yadda ta yi: da uwar ta yi magana, a hankali, ba ta tara mata jama'a ba, ba ta kuma juya ga yaron ta ce masa uwarsa ba ta iya ba. Dattijuwar da ta sayi alewa ba haɗari ta gani ba, kuka ne ya dame ta, ta sayi shirun kunnenta da mutuncin uban.

To me mai ɗa zai yi? Faɗa dai asara ce. Da ka ɗaga murya ga tsohuwa a kasuwa, maganar ta tashi daga kan alewa ta koma kan rashin kunyarka, mutum goma za su taru, kowa da irin tasa shari'ar, yaro kuma yana gefe yana tsotsar alewa yana koyon yadda ake yi wa manya tsawa. Ka yi hasara biyu ke nan a ciniki ɗaya. Abin da ya fi aiki shi ne "to". "To Inna, an gode, Allah ya bar zumunci," ka riga yaro miƙa hannu, ka karɓi alewar, ka jefa aljihu, ka ce sai an je gida. Ita ta yi kyautarta, kai hukuncinka bai faɗi ba, yaro ya ga an kai ƙara sama an dawo da ita hannun alƙalin farko. Mai jego kuma tana da mafaka da ba ta taɓa ba da kunya: "Likita ya hana, Hajiya." Likita ba ya nan balle a yi musu da shi, kuma ko mai tumatir yana jin nauyinsa. In likita bai isa ba, a ƙara da "babanshi ya hana". A nan ne kawai na ga rashin uba a wuri yana da amfani.

Ga wanda duk wannan bai sallama ba, saura dabara ɗaya, wadda take mayar da al'ada yadda take tun asali. Ka ɗauki yaron, da majinarsa da ƙurarsa da kukansa, ka miƙa: "Gaskiyarki Inna, ɗan riƙe mini shi in ƙarasa cefane." Yawancinsu a take za su tuna sun bar tukunya a wuta. Amma a yi hattara, akwai wadda za ta ajiye kwando ta karɓa, ta share masa hanci da gefen mayafinta, ta saɓa shi a kafaɗa ya yi tsit cikin minti ɗaya. Wannan ta biya kuɗin izininta, babu yadda za ka yi da ita. Za ka saurari laccar daga layin 'yan tumatir har tashar Tibiri, ta tambayi unguwarku da sunan uwar yaron, ran Juma'a kuma ka ji sallama a zaure ta zo duba ko an bi abin da ta faɗa.