Kafin Ka Kai Kuɗinka Kanti: Yadda Ake Zaɓen Gilashin Ƙara Girma

Malam, kai da ka mallaki madubin hangen nesa, kake shirin kafa shi a bakin tafkin Madarunfa, tsaya tukuna kafin ka hau mota zuwa kasuwar Maradi. In ka ga kwalin da aka rubuta wa "sau 525" da manyan haruffa, gai da mai kanti, tambayi lafiyar iyalinsa, ka ƙara gaba.

Lissafin ba wuya. Duba jikin bututun, za ka ga tsawon da aka rubuta, a ce milimita 700. Raba shi da lambar da ke kan gilashin ido: mai 25 zai ba ka girma sau 28, mai 10 sau 70. Amma kowane madubi yana da iyaka, wato faɗin bakinsa ninki biyu. Mai bakin milimita 70 ƙarshensa sau 140 ne. Abin da ya wuce nan furar da aka tsuga wa ruwa ce don baƙi sun yi yawa: ƙwarya ta cika, garɗi ya gudu.

Akwai wani gilashin da ake sawa tsakanin bututu da gilashin ido, mai sunan Peter Barlow, masanin lissafi na Ingila a ƙarni na 19. Aikinsa ninka girma, galibi sau biyu. In kana da mai 20 da mai 10, zai mai da 20 ya zama 10, ka ga ka biya kuɗin abin da ke aljihunka. Da 25 da 10 kuwa, girma huɗu ka samu: 28, 56, 70 da 140. Ka tafi kanti da tsohon gilashinka a gwada, domin wani gindinsa milimita 31.7 ne, wani 24.5, kuma ba a sasanta su da tsumma.

Sararin samaniya ma yana da ta cewa. Ran da hazo ya sauka, ko ƙasa na huci da zafin bazara, babban girma rawa kawai zai sa taurari su yi. Galileo da girma wajen sau 20 ya ga watanni huɗu na Mushtari a 1610. Kaza da 'ya'yanta sai da ƙaramin girma suke shiga ido gaba ɗaya, haka ma jinjirin watan azumi. Zoben Zuhal sau 50 ya ishe shi. In ka kai 140 ga yaran unguwa sun yi layi, kafin na uku ya sa ido Zuhal ta fice, don duniya ba ta jiran kowa a juyinta.

Kada ka goge gilashi da bakin rawani, ƙura karce shi take yi. Rana kuwa, don Allah kada ka kalle ta da madubin nan. Ɗan baƙin gilashin kallon rana da ake murɗawa a gindin gilashin ido zafi na iya fasa shi, ido ya ƙone nan take. Farfasa shi ka binne, kada ka jefa a tafki ya faɗa komar masunta.