Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya DPF, Rariyar Salansa

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya a ɗakinki na ƙarƙashin mota. Na rubuto ne a madadin masu motocin gas da aka shigo da su ta Kwatano, waɗanda ba a gabatar mana da ke ba sai ranar da fitilarki ta kama a dashbod.

Mun ji tarihinki. Peugeot 607 ce ta fito da ke a 2000, dokar Euro 5 ta 2009 kuma ta sa kika zama dole a Turai. Aikinki tare kunkunniyar hayaƙi, kuma ba ma raina shi, tunda a 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin gas cikin abubuwan da ke kawo ciwon daji.

To amma Hajiya, kin cika shan ƙamshi! Idan kin cika, ba kya ƙone abin da kika tara sai zafi ya kai wajen digiri 600. A doguwar hanya wannan ba wuya. Mu kuwa tafiyarmu daga gida zuwa kasuwa ce, cikin cunkoso. Sai inji ya riƙa ƙara fesa gas don ya zafafa ki, fanka na kuka, wani ƙauri na tashi, mai mota bai san ana aiki ba ya kashe inji ya shige gida. Gas ɗin da bai ƙone ba ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi. Har wani ya zaro geji ya ga mai ya ƙaru, ya ce albarka ce. Albarkar da ke cinye ƙarfen inji!

Sai batun abincinki. Ashe ba kowane baƙin mai kike so ba. Wanda aka saba juyewa yana barin toka, ita kuwa toka ba ta ƙonewa, ko da za a kai ki Legas a dawo. Sai mai ƙarancin toka, wanda aka rubuta ACEA C3 ko C2 a jikin galan, gwargwadon abin da littafin mota ya ce. Lambar 5W-30 kaɗai ba ta isa shaida ba, kauri kawai take nunawa. Ga gas mai yawan farar wuta, shi ma ba ya shiri da ke.

Bakanikenmu dai ya ce a fasa ki a huta. Na ƙi, don na taɓa bin bayan motar da aka yi wa haka, ban ga hanya ba.

Ga sulhu. Mu za mu sayi man da kike so, mu riƙa kai ki hanyar Zariya minti 20 ba tsayawa. Ke kuma, don Allah, in kin fara ƙona shararki ki riƙa yin sallama. Fitila ɗaya ta ishe mu.

Naki,
Wani mai motar gas, Kano