Wane Musan, Alhaji?

Na san abin da za ku ce: "Mu da ɗan waya bai san ƙofar gidanmu ba, ina ruwanmu da adireshi a wasiyya? Ai kowa ya san kowa a Dutse." Madalla. To Alhaji, kai da ka san kowa, ranar da za a buɗe takardar kana ina? Kana maƙabarta, can kuwa ba a zuwa neman ƙarin bayani.

A ce ka rubuta, "A ba Musa na Madobi gonata ta fadama." Wane Musan? Wace Madobin, ta nan Dutse ko ƙaramar hukumar da ke Kano? Shiga Shuwarin ranar kasuwa ka ƙwala kiran Musa, ka ƙirga masu waigowa.

Ga wani can baya yana cewa ai Allah Ya riga Ya raba gado. Gaskiyarka, Malam, zauna. Magada kam ba sa ɓata. Amma wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji sai sauran sun yarda. Ke nan wa ake yi wa? Agola, tsohon yaron shago, almajirin da ya yi maka hidima ya koma garinsu, jikan da ubansa ya riga ka tafiya. A mazhabar Malikiyya kuma, wanda aka ambaci sunansa sai ya karɓa bayan rasuwar, wato dole a nemo shi. Kada mu yaudari juna: magada nawa ne za su ƙona fetur neman wanda zai rage musu kaso?

Kuskuren adireshi ba ya kashe wasiyya muddin alƙali ya gane mutumin. Sai dai kafin ya gane, a kawo shaidu, a ɗage zama, damina ta wuce gona tana kwance.

Adireshi ma tsufa yake. Takardar da aka rubuta kafin 27 ga Agusta, 1991, ranar da Dutse ta fita daga Kano, "Dutse, Jihar Kano" take ɗauke da shi. Ambaliyar 2022 ta tashi gidaje a Karnaya. Don haka a sa suna da na uba da laƙabi, unguwa da gari, lambar waya da ta NIN. In wanda aka yi wa wasiyyar ya ƙaura a gyara a gaban shaidu.

Hajiya na tambaya ko "bayan gidan mai, gindin darbejiya" ya wadatar. Ya wadatar mana, Hajiya, in masu faɗaɗa titi sun yi miki alkawarin ba za su sare ta ba.